Muciyar Inna Tabawa a Gaban Mota

Wani malamin asibiti a Dutse, Muttaƙa, ya shirya kai iyalinsa bikin ƙanwar matarsa a Birnin Kudu. Ya fito da kujerar jaririnsa Mu'azzam, ɗan wata shida, yana ƙoƙarin ɗaure ta a bayan mota, sai ga mahaifiyarsa Inna Tabawa ta fito rungume da ƙatuwar muciyarta, wadda ba ta zuwa gidan biki ba tare da ita ba, don a cewarta muciyar aro ba ta tuƙa tuwon kirki. Tana ganin inda ake cusa jikan nata ta ja ta tsaya.

"Kai Auta, mijin nawa za ka jefa baya kamar buhun gawayi? Maigida guda? Dawo min da shi gaba, garin nan kowa ya gan shi."

"Inna, ba a sa jariri a gaba," in ji Muttaƙa. Ya dafa allon da ke gaban kujerar. "Akwai jakar iska a cikin nan. In ta fashe, da ƙarfin tsiya take fitowa. Babba za ta tare shi, amma jariri, in ta daki kujerarsa, sai dai wani ba shi ba."

Inna ta sunkuya ta leƙa, ba ta ga jaka ba. Ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne, har da sallama. Shiru.

"Wato wata aba ce ta laɓe a nan tana jiran ta mangare min jika, kuma kana sane ka sayo ta ka kawo gida?"

Ba ta sake musu ba. Da hannunta ta taya aka ɗaure Mu'azzam a baya kusa da uwarsa, ta ja igiyar sau uku ta tabbatar ta kama. Sannan ta shige gaba, ta gyara zama, ta ɗaga muciya da hannu biyu ta saita allon. Muttaƙa ya yi magiya har ya gaji. Haka suka kama hanya, ko rami aka faɗa sai ta zabura ta ce, "Fito mana, in kin isa!"

Suna dab da shiga Birnin Kudu wani jami'in kiyaye haɗurra ya tsayar da su. Ya leƙa baya, ya yaba da yadda aka ɗaure yaro. Ya leƙo gaba, ya yi turus.

"Sannu Inna. Wa ake jira da muciya?"

"'Yar banzar jakar nan. Tun Dutse nake gadinta, ta ƙi fitowa."

Jami'in ya danne dariya. "Ki sauke, Inna. In ta fito, kafin ki ƙifta ido muciyar nan tana goshinki. Kuma ai ba haka kawai take fitowa ba, sai direba ya yi karo da wani abu."

"Sai direba ya yi karo?"

"Ƙwarai kuwa."

Inna Tabawa ta juya a hankali, ta saita muciyar daidai ƙeyar Muttaƙa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta ce wa jami'in. "Ashe tun safe ba mai laifin nake gadi ba. Auta, ja mu je."