Ranar da Na Buge Hannun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a garin surukaina ba, ko da na so, don mutanen garin ma ba su yarda sun manta ba. Wani ƙauye ne arewa da Barmou, in ka bar hanyar mota ka bi yashi. Can na yi abin da har yau, in ya faɗo mini a rai ina tsakiyar cin tuwo, sai in ajiye loma in ce "kai, kai" ni kaɗai, matata ta dube ni ta gane.

Aikina gyaran kwamfuta ne (mu nan ordinatar muke cewa) a wani biro, wato ofis, a garin Tawa. Abin da nake taƙama da shi a wannan sana'a wata 'yar kile ce (abin da wasu ke kira filashi) da ke rataye tare da makullin moto ɗina, wato babur. A ido ba ta da bambanci da wadda direbobi ke zuba waƙoƙi a ciki, amma tawa cikakken tsarin Linux ne a cikinta. In na'ura ta ƙi tashi, sai in soka mata kilen, in sa ta tashi daga nan maimakon daga diskinta, in shiga in kwaso wa mutane kayansu. Hali ɗaya gare ta wanda duk mai wannan aiki ya sani kamar sunansa: baƙuwa ce, da tabarmarta take zuwa, da ita take tafiya. Duk abin da ka ajiye a kan allonta yana nan muddin akwai wuta. Wuta na ɗaukewa, shi ke nan, kamar ba a yi ba. Na sha koya wa sababbin ma'aikata wannan, har da ɗaga yatsa.

To, ƙanen matata, Sanusi, ya taɓa dawowa daga ci rani a Abijan da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu. A cikinta ya zuba bidiyon sunan 'yarmu ta fari. A bidiyon akwai Inna, mahaifiyar matata, tana riƙe da jaririyar tana yi mata waƙa tana dariya, tana ce wa mai ɗauka ya kawar da abin nan daga fuskarta. Daminar da ta biyo baya Inna ta rasu. Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da lalacewa. Sanusi ya koma ci rani ya bar wa mahaifinsu na'urar, tsohon kuma ya koyi abu biyu a jikinta: inda ake kunnawa, da inda ake taɓawa Inna ta fito.

Wata rana na'urar ta ƙi tashi. Baba, surukin nawa, bai faɗa mini ba, ba zai taɓa faɗa mini ba. 'Yarsa Rabi, matata, ya gaya wa a waya, shi ma sai bayan an gama labarin hatsi da awaki, kamar wanda ya tuna da wani ƙaramin abu: "Akwatin nan na Sanusi ya bar magana." Rabi ta ajiye waya ta ce mini, "Ba zai ce ka zo ba. Amma ka je. Ba inda muryarta ta rage sai can."

Sai na yi wa wanda bai san mu ba bayanin yadda nake da Baba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa sai na juya baya. Nesa da ƙofar gidansa nake kashe moto, ƙarƙashin wata aduwa, in taho a ƙasa, in cire takalmi tun kafin rumfa. Hirarmu gaba ɗaya gaisuwa ce, ni a durƙushe, shi yana kallon gefe. In akwai magana ta gaske, wani ake bi. Ba tsoro ba ne, haka aka tashe mu, kuma wallahi ina son tsohon nan.

Na isa bayan azahar. So na yi a ba ni ɗaki in yi aikina a ɓoye, amma batirin kwamfutar ya mutu tun tuni, sai da igiyar wuta take aiki, wuta kuma a rumfar ƙofar gida take. Akwai faifan hasken rana a kan zaure, da wani babban batir irin na babbar mota, da ɗan akwatin da ke juya wutarsa. Nan rabin unguwa ke cajin waya. Kuma akwai ƙa'idar da kowa ya sani: lokacin salla na yi, a cire batir a kai masallaci don lasifika, mai caji ya yi haƙuri. (Ni ma na sani. An sha cire tawa wayar a wurin.)

Dattawa na zaune a rumfar. Akwai Agali, wani Buzu abokin Baba tun suna samari, yana dafa shayi. Baba na gefe a kan buzunsa da carbi, ya ba ni rabin baya kamar aikin bai shafe shi ba. Na yi bisimilla na soka kile, na'ura ta farka. Amma da na kasa kunne sai na ji diskin ciki yana ƙas, ƙas, ƙas. Wannan ƙarar na san ta, diski ne a bakin mutuwa. Diskin da na zo da shi don kwashe kaya yana cikin jaka, jakar na ɗaure a bayan moto can ƙarƙashin aduwa. Ban yarda in tashi ba. Na yi maza na nemo bidiyon na jawo shi kan allon kile, ina kallon yadda yake tahowa da ƙyar ina addu'a a zuci. Ya gama shigowa ke nan diskin ya yi wata ƙara ta daban, ya ɓace. Na neme shi na rasa, kuma bai sake dawowa ba har yau.

Wato a wannan lokacin, a duk faɗin duniya, muryar Inna ba ta ko'ina sai a wurin da ba ya riƙe komai in wuta ta ɗauke. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in roƙi kowa kada a taɓa batir, in ruga in ɗauko jaka, in kwashe. Amma faɗin "kada a taɓa" a rumfar surukina, batirin nasa, shi yana zaune? Bakina ya yi nauyi. Na ce bari in ɗan jira ya shiga gida in raɗa wa Agali.

Sai Agali ya miƙo mini shayi ya ce, "Ɗan birni, ta mutu ko da sauran rai?"

Nan ne shaiɗan ya same ni a buɗe. Maimakon in amsa, sai na taɓa bidiyon na ƙure murya.

Muryar Inna ta cika rumfar. Carbin Baba ya tsaya. A hankali ya juyo gaba ɗaya, ya matso har gwiwarsa ta kusa taɓa tawa, abin da bai taɓa faruwa ba. Dattawa suka kewaye ni. Bayan danga na ji mata sun taru, wata na sharɓe. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah, wanga yaro likita ne." Ni kuwa kaina ya kumbura. Bidiyo ya ƙare, aka ce a sake, na sake. Na shiga yi musu bayanin da ba wanda ya tambaya, ina nuna kilen da yatsa ina cewa duk sirrin a nan yake. Na manta da jaka, na manta da aduwa, na manta inuwa na tafiya.

Ladan ya iso rumfa ya yi sallama ya ce, "Alhaji, lokaci ya yi."

Baba ya share ido da bakin rawani ya ce, "To, malam." Ya miƙa hannu zuwa maƙalin batir, kamar yadda ya saba yi kullum.

Na ga hannun yana tafiya. Na buɗe baki, ba abin da ya fito, don harshena bai san hanyar ba wa mutumin nan umarni ba. Hannuna kuwa bai tsaya shawara da kowa ba. Ji kawai na yi tas! Ba ture ba ne, ba riƙewa ba ne. Duka ne sosai, irin wanda ake yi wa yaro in ya kai hannu wuta.

Agali ya tsaya da buta a sama, shayi na zuba a ƙasa. Matan bayan danga ma sun gani ta kafa. Baba bai dube ni ba, bayan hannunsa ya duba, ya juya shi, ya sake dubawa. Ni kuma na tsinci kaina a durƙushe na rungume batir kamar kaza a kan ƙwai. Da Allah ya buɗe mini baki, abin da ya fito shi ne, "Inna... Inna za ta tafi."

Wani dattijo ya ce "Subhanallahi" a hankali ya ja da baya, ina jin ya ɗauka na taɓu.

Na fara bayani, gumi na zuba, kuma ko a wannan halin Agali nake kallo, shi nake yi wa magana, Baba na kusa da ni kamar ba ya nan. Na ce diski ya mutu, abin da muke kallo a iska yake, in wuta ta yanke ba mai sake ganinsa, abin da zan zuba shi a ciki yana can a moto. Agali ya saurara har na gama, ya ajiye buta ya ce, "Wato ka ɗebo ruwan a tahin hannu, tulu na can nesa, ka tsaya kana gwada muna?"

Na ce, "Haka ne."

Baba ya juya wurin ladan ya ce, "Malam, yau a yi da baki." Ladan tsoho ne, ya daɗe bai kira salla ba lasifika ba. Ya tafi, jim kaɗan muka ji muryarsa siririya tana karyewa. Duk wanda ke garin ranar ya tambayi abin da ya sami lasifika, kuma duk wanda ya tambaya an ba shi amsa.

Saura jaka. Na kasa sakin batir, ina tsoron wani ya yi tuntuɓe da igiya. Ina cikin neman wanda zan roƙa sai na ga Baba ya miƙe ya sa takalmi. Ya taka cikin rana har aduwa, ya kwance jakata, ya rungumo ta ya kawo, ya ajiye kusa da ni, ya wuce masallaci. A gaban jama'a surukina ya yi mini dako, da hannun da na buga. Wannan ya fi dukan ƙona mini rai, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Na kwashe bidiyon a diskina, na sa a wayata, na sa a wayar Baba da ke nan a caji, ina yi ina duba kowanne. Na yi la'asar ni kaɗai bayan an fito. Aka kawo fura na ce na ƙoshi. Na yi sallama da ƙasa, don ita nake kallo, na hau moto.

Labari ya riga ni isa Tawa. Na tarar da Rabi tsaye a tsakar gida, ko sannu da zuwa babu. Ta ce, "Da wane hannun?" Na ɗaga na dama kamar ɗan lakwal a aji gaban malami. Ta ce, "Ubana? A rumfarsa?" Ta yi faɗa mai yawa. Da ta gaji, sai ta tambaya da wata murya daban, "Innar fa?" Na miƙa mata wayata. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba.

Aka yi abin da ake yi. Na tura kawuna da goro ya je ban haƙuri. Ya dawo yana danne dariya, ya ce Baba ya karɓi goro ya rarraba, sannan ya ce, "Ku ce mishi hannu ya huce tun kahin magariba. Amma gaba in abu na da hatsari ya hwaɗa mini da baki, ni ma ina da kunne."

Na daɗe ina juya wannan maganar. Kunyar da ta hana ni faɗin jimla ɗaya da azahar ita ce ta kai ni ga duka da la'asar, son a yaba mini kuma ya cike tsakaninsu. Na ɗauka ladabi nake yi da na yi shiru, alhali ajiyar tsohon nake wasa da ita don kada a ce bakina ya yi kauri.

Sai bayan girbi na iya komawa garin. Dattawan rumfa na hango ni suka mayar da hannuwansu baya, Agali har da matsar da butarsa. Na durƙusa na gaida Baba, ina jin muryar Inna ƙasa-ƙasa daga aljihun rigarsa, bai kashe ba. Ya amsa gaisuwa yana kallon gefe kamar kullum, sannan ya ciro wayar ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu, muka saurara tare har ta gama waƙar.

Yanzu duk inda zan soka kile, diskin kwashewa na hannuna kafin in zauna, ba na kiran 'yan kallo sai kaya sun sauka inda za su kwana, kuma ina faɗa da ƙarfi cewa kada kowa ya taɓa wuta, ko wane ne shi. Wurin Baba ne kawai har yau bakin bai buɗe ba. In aiki ya kai ni can, Rabi nake sa wa ta buga masa waya tun da safe.