Ranar Da Na Toshe Bakin Jirgin Mushe

Ba zan taɓa mantawa ba da damunar da na zama maƙerin jirgin ruwa a Gure, garin da ruwansa mafi zurfi yana cikin rijiya.

Shekarar da ruwan sama ya dawo bayan fari ce. Ina saurayi, kafinta, kuma ina ji da kaina, don akwatin da na haɗa ko kiyashi ba ya samun hanyar shiga. Sai wani Bature mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, Mushe Piyar ("Mushe" kamar "Malam" ne a bakin Faransawa), ya kira ni gidansa. Kamiyo, wato babbar mota, ta kawo masa kaya daga ƙasarsu: siraran katakai yankakku, da gwangwanayen gam, da takarda mai zane-zane. Wai jirgin mutum ɗaya ne. Ya ce in na taya shi haɗawa, ni zan fara shiga.

Wayyo, daga ranar na daina taka ƙasa. Ni da ban taɓa ganin jirgi ba sai a littafin yara, ina tuƙa zarto ina ganin kaina a tsakiyar tafki, ruwa lumui, farin gajimare a sama da wani a ƙasa, belbelu na tashi gabana. Ina cin tuwo ina tuƙi da cokalin miya. Ban bar kowa ba, tun daga masu shayi har matan rijiya, sai da na gaya musu su zo su ga ɗan Gure yana tafiya bisa ruwa. (Har babbar riga na sa aka wanke mini, don Allah ku ji.)

Mun gama cikin jirgin, dogo siriri kamar kwasfar wake. Saura rufin sama, wanda za a kifa a manne. Ana nan aka kira Mushe Damagaram, kwana huɗu. Hausarsa guntu-guntu ce, Faransancina kuwa bai wuce gaisuwa ba. Ya shafa gefen jirgin da yatsa ya ce, "Ka haɗa sama da ƙasa. Rami babu! Rami kaɗan, ruwa shiga, jirgi mutu." Na buga ƙirji na ce ya tafi abinsa, mu haɗu bakin tafkin hanyar Gidigir ran Lahadi.

Na shafa gam a gefe, na kifa rufin, na ɗaure tamau da robar taya, na bi da ƙananan ƙusoshi. Aiki ya yi kyau. Sai na ja da baya na duba. Ga wani ƙaton rami a tsakiyar rufin, zagayayye, faɗinsa ya kai faifai biyu! Na ce lallai Turawa ma suna ha'inci, sun aiko wa bawan Allah katako da ɓuli. Ruwan sama kaɗai ai ya cika shi. (Kada ku tambaye ni ta ina na yi niyyar shiga. A mafarkina kullum ina bisa jirgin ne, kamar mai hawan raƙumi.)

Na samo katakona mai kyau, na yanka daidai bakin ramin, na manne, na goge, na shafa fenti. Wallahi ko da fitila ba ka gane wurin. Har tausayin Mushe na ji, irin murnar da zai yi.

Ran Lahadi muka ɗora jirgin a amalanke, lulluɓe da tabarma. 'Yan lakwal, makiyaya da shanunsu, mata da tulunansu, duk wanda na gayyata ya zo, har da waɗanda ban gayyata ba. Mushe ya sauko daga mota da sandar tuƙa jirgi a hannu. Na yaye tabarmar a hankali, ina jiran tafi.

Ya zagaya jirgin sau ɗaya. Ya sake zagayawa. Ya ƙwanƙwasa tsakiyar rufin, ya dube ni, fuskarsa ta yi ja.

"Ina ƙofa?"

Na ce, "Mushe, ai ka ce rami babu."

Wani tsoho, Baba Mala, wanda ya yi shekaru yana fataucin kifi daga tafkin Cadi, ya matso da sandarsa ya leƙa. Ya ce, "Ɗana, wannan jirgi ne ko gora? Wurin zaman mutum ka toshe!"

Da ina da hankali, da nan na tsaya. Amma idon gari na kaina, ga riga ta sha wanki. Na ce, "Baba, irin na zamani ne, bisa ake hawa." Na tura shi ruwa, na ɗare, na buɗe ƙafafu. Kuma na rantse muku, na ɗan lokaci kaɗan abin ya yi. Ruwa ya ɗauke ni shiru, na ga gajimare a ƙarƙashina, iska ta cika mini riga. Na ɗaga hannu zan gai da jama'a.

Jirgin ya juya kamar an mirgina kabewa.

Na taso da taɓo har cikin kunne, hula ta tafi, ina ihun a cece ni. Baba Mala ya ce, "Miƙe tsaye mana!" Na miƙe. Ruwan iya gwiwa ne. Wata mata dariya ta sa ta saki tulunta ya fashe, Mushe kuwa ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Kunya ta sa na ji da ma ruwan ya fi haka zurfi.

Kwana biyu na yi ina yanke abin da na toshe, da hannuna, Mushe na tsaye a kaina. Shi ya fara shiga, ni ko kallo ban je ba.

Yau na tsufa a sana'ar, ina da jikoki, amma har gobe in na wuce kasuwa sai wani ya ɗaga murya, "Rami babu!" Ni kuwa tun daga ranar, in na ga ɓuli a aikin wani, ba na ɗauko gam sai na tambayi wa ke zama a ciki.