Zoben Kawu Ilu a Gasar Ces

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba zan taɓa mantawa da ranar da makarantarmu ta Birnin Kudu ta kara da ta Gwaram a wasan ces, wato darar Turawa, ba. Ina aji biyar lokacin, kuma duk wanda ya ci, shi za a kai Dutse gasa ta gaba. Ni da iyakar tafiyata daga garinmu Surko zuwa makaranta, ai ka san kwaɗayi ya kama ni.

Sai na nufi wurin Kawu Ilu, gwanin dara na garinmu, wanda kowa ya yarda zoben azurfarsa ne ke ba shi nasara. Na yi ta magiya har ya ara min.

"Ka riƙa taɓa 'ya'yan wasan ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Wanda zoben ya yi ɗumi a kansa, shi za ka tura."

Mako guda ban leƙa wurin atisaye ba. (Mai zobe ina ruwansa da atisaye?)

Ranar gasa aka haɗa ni da Hajara, wata siririyar yarinya 'yar Gwaram da ko kai ba ta ɗagawa. Wasa ya yi nisa, dokinta ya sa sarauniyata a gaba. Makaho ma ya san gudu ya kamata sarauniyar ta yi, amma ni na ce bari in tambayi zobe. Don girmama manya, na fara ɗora yatsa a kan sarki.

"Ka taɓa, sai ka tura," in ji Malam Sabo, alƙalin wasa. Ashe a makon da na gudu aka koyar da wannan doka.

Maimakon in yi shiru, sai na miƙe na ce da ƙarfi, "Malam, ba turawa zan yi ba, ji nake ko zoben zai yi ɗumi!"

Ajin da ake gasar ya kwashe da dariya, har 'yan makarantarmu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dole na tura sarkin, Hajara ta cinye sarauniyar, ta ƙarasa ni, ita ta tafi Dutse.

Da na mayar da zoben, Kawu ya yi dariya har da hawaye. "Ni ma bai taɓa yi min ɗumi ba, ɗan nan. Taɓe-taɓen nan lokacin tunani nake samu."

Allah ya ji ƙan Kawu, ina kewarsa ƙwarai. Tun ranar na gane zoben gwani ana aronsa, amma shekarun da ya yi zaune a bakin dara ba a aronsu.