Jirgin da Baffa Ya Yaba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai Baffa bakin kogin Binuwai ya ga jirgina ba. Na gama sakandare a Garwa, ina son tafiya Ngawundere karatun injiniya, shi kuwa Baffa, ƙanen mahaifina (shi ke riƙe da ni da shagonmu na tukwane) ya ce sai ya ga abin da hannuna ya iya. In jirgin ya tashi, na tafi. In bai tashi ba, ga shago.

Jirgin sama ne na wasa marar inji, iska ke ɗaukarsa, kana juya shi da rimot. Ana yanka fikafikan daga farin soson da ake sako firiji a ciki, a shimfiɗa masa ƙyallen zaren gilashi, a shafa wani gam da ake kira rezin kaɗan, ya bushe ya yi tauri. Na san kaɗan ake shafawa. Amma a gidanmu ba ma yarda da kaya sai mun ɗaga mun ji nauyi. Tukunya marar nauyi jabu ce. Da na ɗaga fiffiken na ji shi sakayau, sai kunya ta kama ni. Na ƙara ƙyalle, na ƙara rezin, na sake ƙarawa, har da fenti mai kauri don ƙyalli.

Baffa ya zo da abokansa 'yan kasuwa. Ya ɗaga jirgin, ya jinjina shi, ya ce wa ɗayansu, "Alhaji, taɓa ka ji. Wannan ba kayan banza ba ne, zai yi ƙarko." Kaina ya kumbura (a nan ya kamata in tsorata).

Na hau tudun yashi, na yi bismilla, na wurga. Ko shawagin ban-kwana bai yi ba. Ya sauko da ka, ya kafe cikin laka kusa da mata masu wanki. Ni kuwa ina tsaye ina ta murza rimot, har na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Baffa ya zaro shi, ya duba ko'ina. "Ko tsagewa bai yi ba. Ɗana, hannunka na sanin kaya ne. Gobe ka buɗe shago da wuri."

Na buɗe, har yau ni ke buɗewa. Na dai koyi cewa in za ka ƙera abin da zai tashi sama, kada ka nemi yabon mai sayar da tukwane.