Akwatin da Ya Kori Alƙalin Wasa

Jiya Asabar, ni da na shekara ashirin da shida ina korar ƙarti daga fili, wani ɗan akwati mai ƙaho biyu ya kore ni sau tara kafin sha biyun rana.

Kun san duk Juma'a nakan sa rigata mai ratsin baƙi da fari in yi alƙalancin ƙwallon Amurka, ta 'yan hular kwano, a makarantun gundumarmu. Dokar fili ba ta da ɓoyo: kowace ƙungiya na iya tsayar da agogo sau uku kafin hutun rabin lokaci, sau uku bayansa. Shekaranjiya wani koci ya nemi na huɗu, na hana, ya ambaci mahaifiyata, na nuna masa ƙofa. To, duk alƙalin da ya kori koci sai ya tura rahoto ta intanet kafin sha biyun Asabar, ko a cire sunansa daga wasan ƙarshe na bana. Wasan da na ci burin ajiye usur da shi ke nan.

Akwatin intanet ɗina kyautar Mai Girma Uban Ci-gaba ce, wanda ya raba mana ana saura mako uku zaɓe, Allah ya ƙara masa tausayin talaka. Halinsa ɗaya: ka yi minti biyu ba ka taɓa komai ba, ya yanke ka, wai don tsaro. Ni kuwa da yatsa ɗaya nake rubutu. Ina cikin tunanin yadda zan rubuta zagin kocin cikin ladabi, sai rahoton ya ɓace ɓat.

Na leƙa ta shinge na ƙwala wa maƙwabcina Wendell kira. Ya shigo da kofin kofi a hannu.

"Haba alƙali, ai shiga saitinsa za ka yi ka ƙara lokacin. Ina kalmar sirri?"

Tana ƙarƙashin akwatin, harufa goma sha shida, kowane kamar ƙwayar gero. Na kifa shi, waya ta zare. Muka mayar, muka shiga, muna laluben wurin, saitin ma ya kore mu. A karo na uku muka samo shi, an rubuta: an kulle, tuntuɓi hukuma.

Na tuntuɓa. Wata murya mai zaƙi ta ce kirana yana da muhimmanci, aka sa mini kiɗa. Minti arba'in ina shan kiɗa. Raina ya ɓaci.

"Ka san me suke maka?" in ji Wendell. "Abin da koci ke yi wa mai bugun ƙarshe na abokan hamayya. A bari ya gyara tsayuwa, ya ja da baya, sai a tsayar da agogo don gwiwarsa ta yi sanyi."

"Shi koci ai sau uku aka ba shi."

"To su manya wa ke ƙirga musu? Kai ne?"

Gaskiyarsa. Gadar bakin kasuwa shekararta huɗu agogonta a tsaye, ba wanda ya jefa musu ƙyallen laifi irin wanda muke jefa wa ɗan wasa a fili. Ni kaɗai aka yanka wa minti biyu.

Na koma wa rahoton. Wendell na girgiza linzamin kwamfuta don kada akwatin ya ɗauka na mutu, ni ina caccakar harufa. Rahoton ya shiga sha biyu da minti huɗu. Amsar Ranka-ya-daɗe Shugaban Alƙalai kuwa ko minti ɗaya ba ta ɗauka ba: na makara, an ba wani alƙalin wasan. Ashe akwai intanet mai gudu a gundumar nan, a ofishinsa aka ajiye.

Abin ya yi mini ciwo, ba na ɓoyewa. Amma ranar Juma'a zan je kallon wasan, in sayi gugguru, in zauna a sahun gaba. Shekara ashirin da shida ina tara zagi daga bakin jama'a, ban taɓa kashe ko ɗaya ba. Sabon alƙali ya zo da audugar toshe kunne.