Kwalbar Haidurojin Ta Rasu a Hannun Mai Kula da Ita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Baba Zachée Ndinga, mai kula da ɗakin gwajin fiziks na 'yan ajin farko a jami'ar Ngaoundéré, yana sanar da rasuwar kwalbar iskar haidurojin, wadda ta cika ranar Talata da azahar, bayan shekara goma sha tara tana aiki.

Marigayiyar siririya ce, mai ƙugu irin na zanzaro. In aka ja labule aka ba ta wuta, sai ta yi haske ja-ja tana "zzzz" ƙasa-ƙasa. Duk ɗalibin da ya leƙa ta ta na'urar awo, layi huɗu take ba shi: ja, shuɗi, da shunayya biyu, na ƙarshen sai mai haƙuri ke ganinsa. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. In lissafi ya karkace, laifin mai lissafin ne. Abu ɗaya ta roƙa a duniya: rabin minti tana ci, rabin minti tana hutawa. Baba Ndinga da hannunsa ya rubuta wannan doka a bango.

Da ta rasu, shugaban sashe ya ɗora laifin a kan ɗaliba Madinatou Bakari, tunda sunanta ne na ƙarshe a takardar shiga, ya hana ta jarrabawar gwaji. Baba Ndinga yana tsaye aka yanke hukuncin.

To, mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi. Baba Ndinga ne ya kunna marigayiyar don ya burge Madam Solange ta ɗakin karatu. Ta yaba launukan, ya tashi ya taka mata zuwa ƙofa. Ƙofa ta zama bakin titi, bakin titi ya zama wurin mai tsire. Bayan awa biyu ya dawo da yaji a leɓe, ya tarar ƙugun ya yi baƙi ƙirin, ko "zz" babu. Kwana tara ke nan ba ya iya haɗa ido da yarinyar.

Ta rasu ta bar ƙanne biyu, kwalaben iskar Hiliyom da Niyon mai layukan da ba sa ƙirguwa, da ɗalibai ɗari da arba'in.

Za a mayar da ita kwalinta na asali ranar Alhamis da ƙarfe goma, a ofishin shugaban sashe, inda Baba Ndinga zai karanta wannan sanarwa da bakinsa, ya roƙi a mayar wa yarinyar jarrabawarta. Kada kowa ya yi masa ta'aziyya. Mai son ba da haƙuri ya je wurin Madinatou, amma ya bi layi: Baba Ndinga ne a gaba.