Yadda Za Ka Raini Babbar Dabara Har Ta Mutu a Hannunka

Kai mai basira, matso kusa. Wannan hanya ba ta taɓa ba wa kowa kunya ba. Yahuza na Sabon Gari ya bi ta daki-daki, yau duk Wudil an shaida shi mai tunani ne.

1. Nemi inuwa
Dabara ba ta zuwar wa mai gumi. Yahuza yana kishingiɗe a bakin gada, yana kallon masunta suna fama, sai ta faɗo masa: dambun kifi a 'yan robobi, a kai wa ɗaliban jami'a da ba su da lokacin girki.

2. Ɓoye ta, amma kowa ya san kana ɓoyon wani abu
A teburin mai shayi ka riƙa murmushi kai kaɗai. Da abokinsa Mu'azu ya ce, "Wai lafiya?" sai Yahuza ya ƙwanƙwasa goshinsa: "Bari kawai. Abin da ke cikin nan, ranar da ya fito sai an rufe gada."

3. Fara da suna
Kifi kullum yana kogi, suna ne mai wuya. Yahuza ya cinye rani sukutum tsakanin "Yahuza Gulobal" da "Dambun Zamani Intanashinal".

4. Guji gwaji
Gwaji mugun abu ne, a nan ake gane ko dabara tana aiki. Mahaifiyarsa ta dire masa tukunya da turmi a ƙofar ɗaki.
"Sayo kifin, ni zan nuna maka."
"Inna, ba za ki gane ba. Nazari ake yi."
"To, a yi nazari lafiya. Babanka dai ya ce ruwan farko yana sauka za ka wuce gonarmu ta Lajawa."

5. In an riga ka, ka fusata
Maƙwabciyarsu Sharifa, wadda ba ta san darajar nazari ba, kifin da take sayarwa ne ya yi mata kwantai, ta daka shi ta yi dambu. Na farko gishiri ya yi yawa, na gaba ya ƙone. Ba ta ji kunya ba, ta sake. Ko suna babu, ɗalibai suka fara layi. Yahuza ya isa yana huci.
"Anti Sharifa, wannan fa tunanina ne!"
"Ka taɓa gaya mini?"
"Ban gaya wa kowa ba!"
"To, Allah ya ƙara basira. Ɗan matsa, ka tare wa masu saye hanya."

6. Ɗauko wata
Yanzu yana Lajawa. Ya jingine fartanya, ya samu gindin tsamiya, yana nazarin injin da zai yi noma da kansa. Har ya kusa samo masa suna.

Gargaɗi: in ka bi matakan nan ka tsinci kanka a gona, ciyawa ta fi ka tsawo, ba ruwana, kada ka nemi gidana. In kuma ka ji wani ya riga ni koyar da wannan darasi, ka shaida ni na fara tunaninsa.